Kawu Arzika da Goggon Birin Ruwanda

In kana bisa babur tsakanin Magarya da Wurno ka hango wata shuɗiyar babbar riga tana tafe a gefen hanya, sanda gicciye a kafaɗa, hannuwa biyu a rataye kanta kamar an shanya su, to kada ma ka ɓata birkinka. Kawu Arzika ne, kuma ba zai hau ba. Ku da kuka san shi kun san ban yi ƙari ba. Wa bai taɓa tsaya masa ba? Wa bai sha amsar nan ba?

“Wuce abinka, ɗana. Ƙahwa ba ta faci.”

Ni da nake ɗan ƙanwarsa, kuma magatakardan ƙungiyar manoman rani da yake shugabanta, na sha ta fiye da kowa. Akwai shekarar da albasa ta yi kyau har aka rasa wurin zuba ta, muka yi masa lodi a wata tsohuwar mota za a kai kasuwar Goronyo. Direba ya share masa kujerar gaba, har da shimfiɗa tawul. Kawu ya leƙa, ya sansana, ya ce albasa ta hau, shi yana nan tafe. Goronyo fa, jama'a!

Na ce, “Kawu, tahiyar yini guda ta!”

Ya ce, “To yinin naka na?”

Ana idar da sallar asuba ya saɓa sanda. Wajen azahar ya iske motar a bakin titi, direba kwance a ƙarƙashinta yana zagin ƙarfe. Kawu ya tsaya ya yi masa sannu da hutawa, ya wuce. Ya kwana Goronyo gidan abokinsa, ya karya kumallo, sai ga motar an jawo ta da igiya. Ko kallon direba bai yi ba. Buhunan ya je ya dafa, ya ce, “Sannunku da wahala. Da kun biyo ni, da tun jiya kun iso.”

Bayan abin hawa, babu abin da Kawu ya ƙi jini kamar biri. Jajayen biran nan da ke fitowa daga kurmin bayan fadamarsa sun mai da masararsa gadon ubansu. Ya san su fuska da fuska. Yakan tsaya a kan kunya ya yi musu wa'azi, su kuma suna bisa itace suna ɓare masarar suna saurare. Wata rana ya taka har ofishin Madam Rifkatu, jami'ar noman rani, 'yar Zuru da ta daɗe tana aiki a cikinmu har ta zama tamu.

“Madam, ki sa su cikin ƙungiya.”

“Su wa, Baba?”

“Birai mana! Tunda su ka hwara cin masara kahin mai gona, ranar yashe magudanar ruwa su hito da shebur kamar kowa.”

Madam ta danne dariya ta ce, “To Baba, wa zai kai musu takardar gayyata?”

“Ke. Ke ad da babur.”

To wannan mutumin ne fa aka ce zai shiga jirgin sama. Lokacin da aka gyara hanyoyin ruwa na ƙasan dam ɗin Goronyo, aka zaɓi wasu shugabannin manoma daga Wurno da Rabah da Goronyo, a kai su ƙasar Ruwanda su ga yadda ake rabon ruwa a gonakin kan tudu. Madam ce jagorar tawaga, ni kuma aka haɗa da ni don rubutu. Da aka kawo wa Kawu labari, tambayarsa ta farko ita ce, “Ta ƙasa kwana nawa na?”

Aka yi lallashi har aka gaji. Matarsa Inna Kulu ce ta kashe maganar tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Ku ƙyale shi. Tsoro shi ka ji.” Washegari da kansa ya je aka ɗauke shi hoton fasfo.

Ranar tafiya ta ja ni gefe. “Ɗan Hajo, amana na ba ka. Yadda kat tahi da shi, haka za ka maido man shi. Ko hulatai ban yarda ta ɓace ba.”

Na ce mata kada ta damu. Wayyo, baki!

A cikin jirgi, ana kashe fitilar ɗaura bel Kawu ya miƙe. Ya taka zuwa gaba, ya dawo baya, ya sake komawa. Ma'aikatan jirgi suka roƙe shi da Turanci, suka roƙe shi da hannu, ni na roƙe shi da Allah da Annabi. Sai da za a sauka sannan ya yarda aka ɗaure shi. Muna taka ƙasa ya gyara riga, ya dubi sauran manoman ɗaya bayan ɗaya.

“Ku kunka zo zamne. Ni da ƙahwata niz zo.”

Kwanakin zagayen gonaki sun tafi lafiya, in ka cire ranar da ya ɗaga albasar mutane a gabansu ya tambaya ko ƙwan zabo ne. A rana ta ƙarshe masu masaukinmu suka ce sun samo mana izinin mutum kaɗan, duk mai so a kai shi kan dutse ya ga goggon biri a cikin dajinsa. Suka ce daga ƙasashe masu nisa ake zuwa takanas don wannan kallo. Madam ta fassara. Kawu ya ajiye kofin shayi.

“Biri? Mu baro Wurno, mu ƙetare duniya, mu zo kallon biri? La ilaha illallahu! Ki ce masu su zo gonata. In ba su kallo, in ƙara masu da biran su tahi da su.”

Sauran manoman da suka ji an ambaci hawan dutse kowa ya tuno da ciwon gwiwarsa. Na yi hamdala a zuci. Sai kawai na ji Madam, wadda ita tuni ta ƙudurta zuwa, tana cewa, “Gara ma ka zauna, Baba. An ce mota ba ta kaiwa. Tafiyar ƙafa ce tun safe, tsoho ba zai iya ba.”

Na harare ta, na yi mata alama da ido, da baki, har da ƙafa. Ina! Kawu ya riga ya miƙa hannu wajen sanda.

Da safe mota ta sauke mu a gindin dutsen, mu uku da wasu Turawa huɗu. Sanyi kamar a cikin randa, gajimare ya sauko har yana shafar kai. Jagoranmu wani dogon mutum ne mai sanyin murya, sanye da koren kaya. Nan take Kawu ya raɗa masa suna Sarkin Dawa. Ya jera mana dokoki, Madam tana fassarawa. Ba a nuna su da yatsa. Ba a ɗaga murya. Ba a gudu, ko mi ya faru. In babban ya taso maka, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, kada ka haɗa ido da shi.

Kawu ya ce, “Maimaita ta ƙarshen.”

Ta maimaita.

“Ni Arzika in durƙusa ma biri? Ko ranar da manya sunka zo duba dam, tsaye nig gaishe su.”

Aka kawo masa takalmin roba mai dogon wuya, ya ce shi ba kamun kifi ya zo ba. Aka ce ya cusa ƙafar wando a cikin safa saboda kwarkwasa, ya ce bai taɓa sa safa ba, ba kuma zai fara a ƙasar mutane ba. Haka ya shiga dajin nan da babbar riga, da hula, da takalminsa na fata. Sarkin Dawa ya dube ni, ni kuma na dubi sama.

Jama'a, na ga tafiya! Taɓo har idon sawu. Gora ta yi cunkus sai an sare hanya da adda. Ga wani ganye da in ya shafe ka sai ka ji kamar an watsa maka barkono a rauni. Kafin sa'a biyu numfashina ya koma na tsohon injin ban ruwa. Madam tana bayana, duk taku ɗaya sai ta kira sunan Yesu. Baturen da ya fi kowa kayan tafiya ya zauna ya yi ja wur. Kawu kuwa? Ya naɗe hannun riga a kafaɗa, yana bin diddigin jagora yana ce masa da Hausa, “Ɗan ƙara sauri, Sarkin Dawa, rana tana yi.”

Can sai muka ga ya tsaya cak. Ya buga ƙafar dama. Ya buga ta hagu. Ya yi tsalle, ya mari cinya, ya juya, ya sake tsalle. Kwarkwasa ta sami wando mai faɗi babu mai gadi! Turawan nan suka zaro wayoyi, sun ɗauka rawar gargajiya ce, ɗaya har tana tafi.

Na ce, “Kawu, mi ya hwaru?”

“Babu komi! Jini ni ka motsawa!”

Sai da ya ɓuya bayan gora na ɗan lokaci. Da ya fito na lura ya ɗaure bakin wandon da igiyar ciyawa.

Da hantsi ya ɗaga sosai muka iske wasu masu bin sawu suna jiranmu. Aka ce kowa ya ajiye sanda da jaka, sun kusa. Aka raba mana ƙyallen rufe hanci da baki, don kada mu shafa musu mura. Kawu ya juya nasa ya ce, “Takunkumi kuma? Yau ni aj jaki.” Amma ya ɗaura. Sandar ce sai da na ɓamɓare ta daga hannunsa.

Wari muka fara ji, irin na gumi da ɗanyen ganye. Sai ƙarar karya gora, ƙas, ƙas. Jagora ya yi wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar gyaran murya, aka amsa masa daga cikin ganye. Ya ɗage wani reshe.

Inna lillahi! Na sha ganin hotonsu, amma hoto maƙaryaci ne. Yana zaune kamar an kafa rumbu. Kai kamar turmi, dantse ɗaya ya fi cinyata, gadon bayansa fari fat da furfura. Ya kama gora mai kaurin hannuna ya karya ta kamar karan dawa, ya ɓare, yana ci a natse. Mata suna kewaye da shi, wata da jariri a ƙirji tana shafa masa kai. Abin da ya fi kashe mini jiki hannuwansu ne, da farce, da gaɓoɓi, da zanen tafi, sak na mutum.

Na ji Kawu ya damƙi hannuna. Muryarsa ta koma raɗa.

“Ɗan Hajo, an yi muna ƙarya. Wanga ba biri ba na.”

“To mi ne ne, Kawu?”

“Ban sani ba. Amma biri ba shi da wagga natsuwa.” Ya ɗan russuna, ya ce a hankali, “Salamu alaikum.”

Da a nan aka tsaya, da mun dawo da mutuncinmu. Sai wani ɗan ƙaraminsu, baƙi ƙirin, gashi buzu-buzu, ya gangaro yana wulƙitawa har gabanmu. Shuɗin rigar nan ya ɗauke masa ido. Ya kama gefenta ya ja. Jagora ya yi mana alama mu ja baya sannu-sannu. Kawu ya sunkuya zai zare rigarsa, hula ta faɗo. Kafin ta taɓa ƙasa ɗan nan ya cafe ta.

Shekara da shekaru na yaƙin masara suka taso wa Kawu lokaci guda. Ya manta dutse, ya manta doka, ya ɗaga hannu ya daka tsawa:

“Kai! Ɗan ɓarawo! Aje ta!”

Ɗan ya ƙwala ƙara. Daji ya yi tsit.

Sai babban ya miƙe tsaye. Wallahi ban san akwai sauransa ba sai da ya miƙe. Ya daki ƙirji da tafukansa, sautin ya shige mini har cikin haƙori. Ya yi wani ruri, ya fizgi reshe, ya taho. Ƙasa tana girgiza. Jagora ya zube yana cewa a durƙusa, Turawa suka zube, Madam ta zube ta rufe kai, ni ban ma san lokacin da gwiwata ta sami taɓo ba. Na ɗaga ido kaɗan, sai na ga Kawu yana nan tsaye, hannu a sama, ya bushe kamar mutum-mutumin gona. Fuskar Inna Kulu kawai nake gani. Mi zan ce mata? In ce biri ya kashe mata miji a kan hula?

Na kama rigarsa na fizga da duk ƙarfina. “Kawu, don Allah!”

Ya zubo. Ba durƙuso kaɗai ba, har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Dabbar nan ta ci birki a gabansa, tazarar da in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Ina jin hucinta a wuyana. Cikin wannan shirun sai na ji muryar Kawu daga bayan ƙyalle:

“Ranka shi daɗe. Ka yi haƙuri, mu baƙi na. Hular ma na ba shi, duniya da lahira.”

Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Goggon ya yi huci sau biyu, ya dubi Kawu, ya dubi ɗan, sannan ya ratsa ta tsakaninmu, kafaɗarsa ta gogi Kawu har ya tuntsura gefe. Ya je ya zauna, ya jawo ɗan zuwa jikinsa, ya ci gaba da cin gorarsa kamar ba a yi komai ba. Ɗan kuwa ya cusa ƙafa a cikin hula, ya cije ta, daga ƙarshe ya zauna a kanta.

Abin da ya biyo baya a gida kun fi ni sani, don a gabanku aka yi. Inna Kulu ta tarbe mu a zaure, ba ta ko amsa sallama ba ta ce, “Ɗan Hajo, ina hula?” Kawu ya riga ni: “Kyauta niy yi da ita. Ɗan wani babban mutum nib ba.” A majalisa kuwa labarin kullum ƙara tsawo yake. Wai sun gaisa, sun fahimci juna, kowa ya san girman kowa. Ranar da Madam ta tona cewa ya durƙusa, ya ce, “Ke kanki na ƙasa, mi kig gani? Ƙaya nic cire.” Jajayen biransa ma ba su tsira ba. Ya je ya tsaya a kan kunya ya ce musu, “Na ga babbanku. Mutumin kirki, mai cin guminai. Ku ba ku gado shi ba, 'yan asara!”

Amma akwai abin da bai taɓa faɗa a majalisa ba, ni ma ban taɓa faɗa ba sai yau.

Muka kama hanyar saukowa. Kawu bai tsokani kowa ba, bai ce a ƙara sauri ba. Da muka kai rabi ya zauna a kan wani faɗaɗɗen itace, kansa babu hula, furfura duk ganye. Ya kira Madam.

“Tambayi Sarkin Dawa. Wacce ta uwar ɗan nan? Da nid daka mai tsawa ban ga macen da tat taso ba.”

Jagora ya ce ba shi da uwa. Ta mutu tun bai gama shan nono ba. Tun daga ranar babban ne ke riƙe da shi. A gefensa yake kwana, in za su tashi sai ya jira shi, kuma ko matan gidan ba su isa su taɓa shi ba.



“Ashe maraya nid daka ma tsawa,” in ji Kawu. Ya girgiza kai. “To ya yi man da sauƙi. Da ni na, wallahi da ban tsaya ba.”

Sai ya juyo ya dube ni. Fuskata duk taɓo. Ya kama bakin rigarsa, ya goge mini kunci, wannan gefe da wancan, ni da nake da 'ya'ya huɗu, a gaban Turawa. Tsofaffin cikinku sun san uwata Hajo ta rasu ban kai shekara uku ba, mahaifina kuma ya riga ta. Kawu ne ya je Rabah ya ɗauko ni. A ɗakinsa na girma, a akushinsa na ci. Bai taɓa goranta mini ba, bai taɓa ko ambata ba, kuma ran nan ma bai ambata ba. Ya saki rigar ya ce, “Tashi mu tahi. Kulu na jira.”

Da daminar da ta wuce ya kwanta ciwo, kwana uku kacal, ranar na huɗu Allah ya karɓi abinsa. Kansa yana bisa cinyata.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsaya wa maraya, Allah ya tsaya masa ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah ya ba Inna Kulu haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.